Madubi Mai Inci Takwas

4 ga Fabrairu

Jikalle,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ya aiki, ya zaman baƙunta? Mu nan lafiya lau, sai gwiwa da ke yi mini gardama da safe. Inna, wato mai ɗakina, tana gaishe ki.

Na san yanzu kina juya ambulan kina neman wane ne. Ni ne Mai Gilashi. Ni da marigayiya kakarki 'ya'yan wa da ƙani ne. Sau ɗaya kika taɓa ganina, kina 'yar shekara shida, na zo sa muku gilashin taga kika tsaya a kaina kina tambaya ko yankan yana yi wa gilashin zafi. Mahaifiyarki ce ta ba ni adireshinki. Ta ce kina aiki a ɗakin gwajin ruwan sha, kuma duk lissafin wurin ke ce a kan kwamfutarsa. Na zaɓi takarda don kunnena ya tafi, shekara arba'in na ƙarar injin wasa gilashi ta cinye shi. A waya sai dai in yi ta cewa "na'am" har mai kira ya gaji.

Ga abin da ya kawo ni. Shekara biyu ke nan ina yin madubin hangen taurari. Kada ki yi dariya, Inna ta riga ta yi ta kowa. Wani mai kawo mana aiki ya taɓa mance littafin koyon yin sa a shago, na ajiye shi har na bar aiki, sannan na buɗe. Na yanko faifai mai faɗin inci takwas daga wani gilashi mai kauri da na ɓoye tun zamanin shago, ba ni da irinsa na biyu. Na kafa durom a tsakiyar ɗakin baya, na ɗora wani faifan a kai, ina goga wannan a kan wancan da garin wasa gilashi da ruwa, ina zagaya durom ɗin, har ya yi ɗan kwari kamar faranti. Daga baya na goge shi a kan kwalta da jar hoda har ya yi sheƙi.

Saura mataki na ƙarshe. Littafin ya ce kwarin bai kamata ya zama kamar yankin ƙwallo ba, dole tsakiya ta ɗan fi zurfi, zurfin da ido ba ya gani, yatsa ba ya ji. Na yi wata uku ina wannan aikin. Ana gane shi da inuwa. Na jingine madubin a bango, na koma nesa da kamar taku uku. Ina da 'yar fitila, tana zaune daram a kan katako, ga reza a gefenta. Hasken ya je madubi ya dawo, ni kuma in sa ido a bayan rezar in yanka shi. Na rufe madubin da kwali mai tagogi, zobe biyar daga tsakiya zuwa baki. Kowane zobe sai na ja rezar baya kaɗan kafin tagoginsa biyu su dushe tare, in karanta a ma'aunin juyi irin na makanikai.

Lambobin suna bayan takardar nan, awo uku uku. Daga zoben ciki zuwa na baki, tafiyar rezar milimita ɗaya da rabi ce. Shafukan lissafin littafin sun fi ƙarfina, a aji huɗu na tsaya. Amma ya ce akwai manhajar da ake ba wa lambobin ta faɗi gaskiyar madubi. Ki taimaki kakanki.

Naki,
Kaka Mai Gilashi


23 ga Fabrairu

Kaka,

Na amsa sallama. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Inna, Allah ya sassauta gwiwa. Ina nan lafiya, sai kewar gida.

Na tuna ka sarai. Kai ne ka ce mini gilashi ba ya jin zafi, fushi kawai yake yi. Wasiƙarka ta same ni a wurin aiki, na karanta ta a tsaye, na sake karantawa a zaune, har shugabar sashenmu ta leƙo ta ce ko lafiya. Na ce mata wani kakana ne yake auna gilashi da reza. Ta ce in gaishe ka, amma daga ganin fuskarta ba ta yarda ba.

Na samo manhajar. Masu irin wannan aikin ne suka rubuta ta suka bar wa kowa. Na ba ta faɗin madubin, da nisan da ka auna, da girman zobban, da lambobinka. Kafin komai, Kaka, awonka ya ba ni mamaki. Sau uku ka auna kowane zobe, kuma bambancinsu bai kai kaurin gashi ba. A nan muna da injuna masu tsada, sau da yawa ba sa yarda da kansu haka.

Na zauna na karanta abin da ake nema daga wurinka. Haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, daga tudu zuwa tudu. In ka raba milimita gida dubu biyu, ɗaya daga ciki shi ne tazarar. Kuskuren madubi bai kamata ya wuce rubu'in wannan tazarar ba. Abin da kake nema ke nan da hannu, a kan durom.

To ga sakamakon, ka yi haƙuri da shi. Manhajar ta zana layin da ya kamata, ta ɗora naka a kai. Naka yana da santsi, babu tudu babu rami, amma rabin hanya ya kai. Tana neman milimita uku da ɗigo ɗaya daga ciki zuwa baki, kai kana da ɗaya da rabi. Wato tsakiyar tana son ƙarin zurfi kamar wanda ka riga ka yi mata. Na buga zanen na haɗo maka. Ka ci gaba yadda kake yi, ka riƙa aunawa, in ka kusa uku ka aiko mini.

Jikarka


20 ga Maris

Jikalle,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso, ta yi kwana goma sha ɗaya a hanya. Muna lafiya. Inna ta manna zanenki a bango kusa da kekenta na ɗinki, duk wadda ta kawo ɗinki sai ta nuna mata, "Jikarmu ce ta yi da kwamfuta."

Da na ga rabi, gabana ya ɗan faɗi, ba zan ɓoye miki ba. Idona yana gaya mini madubin ya kusa. Amma idon tsoho da fitilar tocila ba za su ja da kwamfuta ba. Na koma kan durom. Kullum bayan karin kumallo minti ashirin, madubi a sama, ina tura shi ina jawowa a karkace kamar haƙoran zarto. Sai in wanke, in jingine shi awa biyu ya huce, sannan in auna. Yanzu ina kan biyu da ɗigo huɗu.

Bari in gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, don za su ce tsufa ne. In na sa ido a bayan rezar nan, madubin ba faifai ba ne kuma. Sai ya zama wata ƙasa da rana ta hasko daga gefe, ga tudu ga gangare. Rannan na ɗora babban yatsana a kansa na ƙirga goma, na koma na duba. Jikalle, dutse na gani a wurin. Ɗumin yatsana ya kumbura gilashin. Na zauna ina kallo har dutsen ya narke a hankali ya koma fili. Inna ta wuce ta gaban madubin da kofin shayi, na ga zafin yana tashi yana murɗawa kamar hayaƙi, abin da ba a gani da ido. Shekara arba'in ina riƙe gilashi ina zaton abu ne matacce. Ranar na daɗe ban iya cin abinci ba.

Abu ɗaya ke damuna. Tsakiyar yanzu ta yi baƙi ƙirin a inuwa, kamar rijiya. Hotunan littafin ba haka suke ba. Wataƙila haka ake bi kafin a isa.

Na biyu kuma hannuna. Na dama ya fara rawa in na riƙe cokali, tun bara, amma kwanan nan ya ƙaru. In na danne shi a kan gilashi yana lafawa. Shi ya sa nake sauri. Inna ta matsa sai na je asibiti, na ce mata in na kai uku.

Na zana miki teburin awon a ƙasa don ki ga inda lambobinki ke fitowa. Ba ni da hannun zane, wancan abin mai kama da kaza ni ne.

Kakanki


2 ga Afrilu

Kaka,

Ka tsaya. Don Allah kada ka ƙara taɓa madubin. Na fara da wannan kafin gaisuwa don in ka buɗe shi za ka fara gani. Ina gaishe ka, ina gaida Inna.

Kuskure na yi, babba. Zanenka ne ya nuna mini. A ciki na ga fitila da reza duk a kan katako ɗaya suke, kuma katakon ne ma'aunin ke turawa, wato tare suke tafiya. A wasiƙarka ta farko ka rubuta cewa fitilar tana zaune daram a kan katako. Ni na ɗauka tana nan wuri ɗaya ba ta motsi, reza ce kaɗai ke ja da baya. Manhajar tana da wani ɗan akwati da ke tambaya: fitila a tsaye take ko tana tafiya? Na zaɓi a tsaye, ban ko tsaya tunani ba. In fitila tana tafiya tare da reza, lambobin da ake nema rabi ne. Ba uku da ɗigo ɗaya ba. Ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya.

Na canza akwatin, na sake sa lambobinka na farko, na Fabrairu. Kaka, layinka ya kwanta a kan layin manhajar, sai da na ƙara girman hoton kafin na raba su. Kuskuren kashi ɗaya cikin tara ne na tazarar hasken nan. Ana neman rubu'i. Madubinka ya riga ya gama ranar da ka rubuto mini. Ka gama shi kai kaɗai da ido da littafi, ni na ce ka ci gaba da haƙa.

Na shiga banɗakin ofis na yi kuka. Na kira lambar da Mama ta ba ni ta Inna sau ashirin, a kashe. Na aiko wannan ta saƙon gaggawa.

Ana iya gyarawa. Na karanta duk abin da na samu. Sai an bar tsakiya, a riƙa gajeren gugu a kan zobban waje har su sauko, a koma kusan inda aka fara, sannan a sake hawa. Sun ce ya fi haƙawa cin lokaci. Na san abin da ka ce game da hannunka, shi ne abin da ya fi ci mini rai.

Ka yafe mini.

Jikarka


17 ga Mayu

Kaka,

Ina gaisuwa. Ina fata kai da Inna kuna cikin ƙoshin lafiya.

Mako shida ke nan. Mai raba wasiƙu na ofishinmu ya daina jira in tambaya, daga nesa yake girgiza mini kai. Mama ta ce ita ma ba ta samun layin Inna, kuma ba ta san kowa a unguwarku ba.

Na sake karanta takardarka ta ƙarshe, na tsaya a inda ka ce idon tsoho ba zai ja da kwamfuta ba. Da farko na ɗauka wasa ne. Yanzu ina ganin ka ga gaskiya da idonka, ka bar ta saboda ni. In fushi kake yi, kana da hujja. Ba sai ka yi mini dogon rubutu ba. Layi ɗaya ya isa, in san hannun, in san kana lafiya.

Na nemi hutu in zo, sun ce sai an gama gwajin rijiyoyin sabuwar unguwa, wato ƙarshen shekara.

Jikarka


9 ga Yuni

Jikalle,

Sallama. Muna nan da rai da lafiya, ki kwantar da hankalinki. Za ki ga rubutun ya canza kamanni, da hagu nake koyo, shi ya sa layukan ke hawa tudu. Wayar Inna kuma ta faɗa bokitin da nake wanke madubi tun watan Maris, ta ce ba za ta sayi wata ba sai na amsa laifi.

Fushi? Da wa? Zo ki ji yadda aka yi. Takardarki ta gaggawa ta same ni ina kan biyu da ɗigo bakwai. Na karanta, na zauna a kan kujerar ɗinki. Inna ta ce, "Malam, wa ya rasu?" Na miƙa mata. Ta karanta ta ce, "To ai cewa ta yi ka iya." Sai a lokacin na sake dubawa. Ɗaya cikin tara. Na ce ta karanta mini wurin da ƙarfi a kunnen da ya fi ji, ta karanta sau uku. Ni ɗan aji huɗu, da reza da tocila. Wallahi abin da ya fara zuwa mini ba baƙin ciki ba ne. Tsoro ne ya kama ni, irin wanda mutum ke ji in ya leƙa daga saman bene mai tsawo. Baƙin cikin sai da gari ya waye ya zo, kuma ya zo da nauyinsa, ba zan yi miki ƙarya ba. Na yi kwana huɗu ban shiga ɗakin baya ba.

Laifin kuma a raba shi biyu. Wa ya ce in rubuta "daram" a kan abin da ke tafiya?

A kwana na biyar na fara gyaran. Gajeren gugu yana son hannu mai natsuwa, nawa kuwa ya ƙi. Rannan madubin ya zame ya bugi bakin durom, ya ɓantare kamar farce a gefen baya. Allah ya tsare fuskar. Inna ta ɗauko mayafi ta ce mu tafi asibiti. Sun riƙe ni mako biyu suna gwaje-gwaje, suka ba ni ƙwayoyi. Likitan ya ce rawar za ta lafa amma ba za ta tafi ba, kuma in manta da aikin da ke son daidaito. Wannan ne shirun da kika ji. Na rasa yadda zan rubuta miki ba tare da na ɗora miki kaya ba.

Da muka dawo na naɗe madubin a tawul zan sa a ƙarƙashin gado. Inna ta tsaya a ƙofa ta ce, "Shekara biyu ina zagaye durom ɗin nan da tsintsiya, yanzu ka ce an fasa?"

Na ce, "Hannun ya ƙare."

Ta ce, "Naka ya ƙare. Nuna mini."

Na ce wannan ba ɗinkin hannun riga ba ne. Ta ce shekara talatin da biyar tana kai allura inda take so ba tare da ta zana layi ba, in faɗa mata tsawon turawar kawai. Na yi mata alama da alli, inci ɗaya gaba, inci ɗaya baya. Jikalle, na tsaya ina kallo bakina a buɗe. Turawa ɗari, ko ɗaya bai fi ɗan'uwansa ba. Ba ta danna, ba ta sauri, tana zagaya durom tana 'yar waƙarta ta ɗinki. Ni abin da na yi wata shida ina koya wa kafaɗuna.

Yanzu haka muke: ita gugu, ni ƙirga da awo, don ido yana nan. Muna faɗa kullum. Ta ce ina ƙirga da sauri, na ce tana magana a kan gilashi tana ɗumama shi. Rijiyar ta cike. Mun sauka ƙasa, mun fara hawa. Ga lambobin jiya a baya. Wannan karon ki duba akwatin naki da kyau.

Kakanki


27 ga Yuni

Kaka, da Inna,

Alhamdu lillahi. Na gaishe ku, na ƙara gaishe ku. Ban san sau nawa na karanta takardar nan ba. Allah ya ƙara sauƙi, ya bar mana ku.

Na duba akwatin sau uku, na kira abokiyar aikina ta duba na huɗu. Sannan na yi lissafin da biro a takarda, ba tare da kwamfuta ba, don in tabbata mun yarda da juna.

Ku ajiye jar hoda. Ku wanke hannu. An gama.

Daga ciki zuwa baki ɗaya da ɗigo biyar da huɗu. Zobe na huɗu ya ɗan ɗaga kaɗan, amma ko kusa kada ku bi shi. Manhajar ta ce kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya. Kaka, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa: na Fabrairu ɗaya cikin tara ne. Inna ta wuce ka.

Na so in gane abin da lambar ke nufi, don lamba kawai ba ta shiga zuciya. Na lissafa: da za a buɗa madubin nan ya kai faɗin kilomita ɗaya, mutum ya yi tafiyar kwatan awa kafin ya ƙetare shi, tudun da ya fi kowane tsawo a kansa ba zai wuce kaurin gashi biyu ba. Na fita tsakar ofis na tsaya ina kallon titin da ke gabanmu har ƙarshensa, ina ƙoƙarin ganin abin a raina. Na kasa. Ban taɓa taɓa wani abu mai daidaito haka ba, kuma a ɗakin bayanku yake, kusa da keken ɗinki.

Abu na ƙarshe da na karanto. Kafin a kai shi a shafa masa azurfar da ke sa madubi ya zama madubi, ana iya gwada shi haka nan tsirara. Gilashi zalla yana maido haske kaɗan, bai isa taurari ba, amma wata yana da hasken da zai wadatar. In kun haɗa bututun da madubin zai zauna a ciki, ku gwada. Ku rubuto mini komai, kada ku rage ko ɗigo.

Jikarku


3 ga Agusta

Jikalle,

Gaisuwa mai tarin yawa. Lafiya lau muke. Ƙwayoyin suna aiki, jiya na sha shayi ban yi wa riga wanka ba. Inna tun da ta ji sha ɗaya ba a zama lafiya a gidan nan. Ko gishiri na ce ya yi yawa sai ta ce, "Mai tara yana magana?"

Kin ce kada in rage komai, to ga shi.

Makanikin da ke maƙwabtaka da mu ya taya ni haɗa bututun, da fayif na roba irin na magudanar ruwa da akwatin katako da yake juyawa a kai. Ƙaramin gilashin da ake sa ido na ciro shi daga wani tsohon abin hangen nesa da ya fashe. Ranar Talata da yamma muka fito da shi bakin ƙofa. Rana ta faɗi amma sama ba ta gama duhu ba, yara ma ba su shiga gida ba. Wata yana rabi, a saman tankin ruwan maƙwabta.

Na saita. Da na ga haske ya cika gilashin idon sai na ja baya ban duba ba. Na ce Inna ta fara. Ta ce a'a, na ce aikin hannunta ne. Ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta sunkuya, na nuna mata inda za ta murɗa.

Ta daɗe a sunkuye. Na ga ta kai hannu ta riƙe gefen akwatin kamar ƙasa na motsi. Can ta ɗago, ta dubi watan da ido, ta koma ta sunkuya. Ta faɗi wata magana ban ji ba, na kawo kunne, ta maimaita.

"Malam, akwai inuwa a can. Duwatsun suna da inuwa."

Sannan na duba. Jikalle, na ga hotunan wata a littafi, na ɗauka na san abin da zan gani. Hoto ba ya rawa a cikin iska. Hoto ba ya tafiya, wannan kuwa yana zamewa a hankali yana fita daga gilashin, sai ka bi shi, makanikin ya ce ai mu ne ke juyawa. Ramuka a cikin ramuka, wani da ɗan tsauni a tsakiyarsa, gefensa a tsattsage kamar bakin gilashin da aka yanka da gaggawa. A can inda haske ya ƙare duhu ya fara, na ga ɗigo ɗaya fari shi kaɗai a cikin baƙin. Na ɗauka ƙura ce, na goge gilashin, yana nan. Muka yi ta karɓa-karɓa da mutanen layi, mai shagon kusurwa har ya zagaya ya leƙa ta gaban bututun ko mun manna hoto. Da layi ya sake zuwa kaina bayan kamar awa guda, ɗigon ya yi faɗi, ya fara haɗuwa da hasken. Sai na gane. Kan dutse ne. Rana ce ke fitowa a kansa, ta fara taɓa ƙololuwa tana gangarowa. Gari ne yake wayewa a wani wuri da babu kowa, kuma yana wayewa haka tun kafin a haifi kakan kakana, ni kuma ina tsaye a bakin ƙofata da silifas ina kallo.

Na zauna a kan dakali. Makanikin ya tambaya ko jikin ne, na ce a'a. Shekara saba'in da ɗaya ina kwana a ƙarƙashin abin nan.

Mako mai zuwa za mu aika shi a shafa azurfar. Inna na son ta ƙara layi biyu, ga ta.

Kakanki

Jikalle, Inna ce. Rubutuna ba kyau, ki yi haƙuri. Kada ki ƙara yin kuka a banɗaki saboda tsohon nan, ba don kuskurenki ba da har na mutu ina share ƙarƙashin durom ban san me ke kansa ba. Ya ce miki shi ya zauna a dakali. Bai gaya miki sai da na kama shi muka shiga ciki ba, yana ta share ido yana cewa iska ce. Ni kuma tun ranar in na ɗaga kai na ga watan sai in ji kunya ta kama ni, kamar na leƙa ɗakin mutum ba sallama.